Sabar ajiya guda don gida mai sassa huɗu: wace na'ura, wane faifai, wace wuta?

Dan_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masana nake nema. Gida ne babba mai sassa huɗu, wayoyi kusan 15, talabijin biyu masu Android, laftof uku. Ana son na'ura guda, wato saba, da za a tara hotunan biki da suna, karatuttukan tafsiri, fina-finai da takardun makaranta, kowa ya buɗe ta wifi ba tare da ya ƙona data ba. Abin da ke warwatse a wayoyi da filasha yanzu zai kai 1.5TB. Wutar NEPA ba ta wuce awa takwas a rana, akwai inbata mai batir biyu, kowanne 200Ah. Kuɗin da aka haɗa ba su da yawa. Raspberry Pi (ƙaramar kwamfuta kamar tafin hannu) za a saya ko tsohuwar kwamfuta? Kuma dole ne sai an yi RAID, wato haɗa faifai biyu ko fiye su yi aiki tare?

Injiniya_Zazzau:
Wa alaikumus salam Malam. Fara da lissafin wuta kafin ka taka kasuwa, don shi zai zaɓa maka na'ura. Batir biyu na 12V 200Ah sun ba ka 4,800Wh a rubuce, amma idan masu ruwa ne ko tubula, rabi kawai ya kamata a sha, wato 2,400Wh, kuma fanka da fitilun gida na cikin wannan rabon. Tsohuwar kwamfutar tebur mai cin 70W, haɗe da rauta, za ta sha kusan 1,280Wh a awa 16 ɗin da babu NEPA. Fiye da rabin abin da gida ke da shi ke nan. Ƙaramar kwamfutar ofis ta gwanjo, irin Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini ko Lenovo ThinkCentre Tiny, tana zama a kan 8W zuwa 15W idan ba ta aikin komai. Ka ƙara faifai da rauta da suwic (akwatin da ke raba kebul ga na'urori), duka kusan 25W, wato 400Wh. Wannan batirinku zai ɗauka ba tare da an kashe wa kowa fanka ba.

Nemi mai kwakwalwar Intel i5-7500T ko i3 na zubi na 7 zuwa sama, RAM 8GB, da ƙaramin SSD na 128GB don manhaja kawai. Kada ka tsaya a sunan akwatin. OptiPlex 7050 akwai mai i5-6500T akwai mai i5-7500T, sai ka shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa lokacin kunna kwamfuta, ka karanta da idonka.

pi_kawai:
Ni ina ganin Raspberry Pi 4 ya wadatar. Bai wuce 3W zuwa 6W ba, yana da gigabit da USB 3.0 guda biyu, manhajar sabar ajiya ta OpenMediaVault na hawa kansa lafiya. Pi 3 ne ba na ba da shawara ba, don hanyar kebul ɗinsa ta USB 2.0 take bi.

Injiniya_Zazzau:
@pi_kawai yana aiki, ba musu. Amma ka haɗa kuɗin Pi ɗin kansa, da cajarsa ta 5V 3A, da gida, da fanka, da katin SD mai kyau, sannan ka kwatanta da ƙaramar kwamfutar gwanjo da ta zo da komai nata. Sannan abu uku: duk ramukan USB na Pi 4 tare 1.2A suke bayarwa, faifan inci 2.5 (irin na laftof) guda biyu in suka tashi lokaci ɗaya sai ɗaya ya ɓace. Katin SD shi ne farkon abin da ɗaukewar wuta ke lalatawa. Kuma Pi 4 ba shi da agogon ciki, idan ya tashi babu intanet kwanan watansa ya rikice, fayilolin da aka ajiye su ɗauki kwanan ƙarya.

Mai_Gyara_Sabongari:
Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba. Laftof mai fasasshen gilashi. Masu gyara na sayar da su da araha, kuma batirinta shi ne UPS ɗinta. Ka sa Debian, wani nau'in Linux, ka buɗe /etc/systemd/logind.conf ka mai da layin ya zama HandleLidSwitch=ignore, don kada ta yi barci in an rufe murfin. Sharaɗi biyu: ka tabbatar ramin kebul ɗinta gigabit ne, don da yawa daga masu araha 100Mbps suke da shi, kuma ka duba batirin. In ya fara kumbura, cire shi nan take. Batirin da ke kan caji dare da rana cikin zafin Afrilu haɗari ne. Wasu ThinkPad da Dell suna barin ka tsayar da caji a kashi 60 ko 80, a kunna wannan.

Bazamfare:
Oga Mai_Gyara, batirin laftof na riƙe laftof ɗin ne kaɗai. Babban faifai na inci 3.5 da ke waje yana da tasa cajar ta 12V. Wuta na ɗaukewa sai ya mutu a tsakiyar rubutu, laftof ɗin kuwa tana nan a kunne tana jira. Amfanin batirin sai da faifan 2.5 mai shan wuta daga USB.

Mai_Gyara_Sabongari:
Gaskiyarka. Da 3.5 dole a sa shi a layin inbata.

UmmuHanifa:
Ku yi haƙuri in koma kan tambayarsa ta biyu, don ita ce ke sa mutane asara. Malam Dan_Gwammaja, RAID ba kwafin ajiya ba ne. RAID 1 madubi ne: abin da aka yi wa faifai na ɗaya, a daƙiƙar nan ake yi wa na biyu. Yaro ya goge foldar biki, ta goge a duka biyun. Wuta mai ƙarfi ta shigo, duka biyun a jone suke. Abin da RAID ke karewa guda ne tak, mutuwar faifai ɗaya ba tare da aiki ya tsaya ba, kuma gida ba banki ba ne, in saba ta kwana biyu a kashe ba wanda zai cutu.

In kuɗin faifai biyu ne da ku, ga tsarin: na farko 4TB a jikin saba. Na biyu a akwatin USB, ana jona shi sau ɗaya a mako, a kwafe da rsync (umarnin kwafi na Linux), a cire, a ajiye a wani sashen daban na gidan. Kuma ba komai ne ya cancanci kwafi ba. Fim za a sake samu. Hoton kaka da ta rasu, da bidiyon ɗaurin aure, da takardun gida, su ne ba su da madadi. In kuka ware za ku ga wataƙila 300GB ne kawai, to faifai na biyu ko 1TB ne ya isa, kuɗin ya ragu sosai.

Hattara da rsync mai --delete. Yana goge a kwafin duk abin da ya ɓace a asali. Ranar da babban faifai bai hau ba, foldar ta bayyana wayam, umarnin zai share kwafin tas. Ku haɗa shi da --backup-dir, ko ku yi amfani da rsnapshot mai riƙe kwafin makonnin baya.

zfs_ko_babu:
Hajiya na yarda da ke a kan RAID, amma rsync a kan ext4, tsarin ajiye fayiloli a faifai da Linux ya saba da shi, ba ya gane fayil ɗin da ya lalace a ɓoye. Tsarin ZFS da na Btrfs kuwa suna lissafin tantancewa ga kowane gutsure, in wani ya ruɓe za su faɗa. Su kuma riƙe hoton yadda faifai yake jiya ko makon jiya ba tare da cin wuri sosai ba. TrueNAS, manhajar saba mai amfani da ZFS, da RAM 8GB ya tashi.

UmmuHanifa:
@zfs_ko_babu da faifai ɗaya ZFS zai faɗa maka fayil ya lalace, amma ba shi da inda zai ɗauko mai kyau ya gyara. Sannan ka tuna ranar da na'ura ta ƙone. Faifan ext4 duk wanda ke da filashar Ubuntu zai karanta shi. Wanda ya haɗa saba ba kullum yake gari ba.

zfs_ko_babu:
Ko sanin cewa ya lalace ma riba ce, sai a ɗauko daga faifan mako kafin ruɓaɓɓen ya bi shi can. Amma na ji hujjarki ta mai gyara.

Kwamfuta_Damagaram:
Sannunku da aiki. A kan sayen faifai na gwanjo, kada a biya sai an gwada. A Linux umarnin da ke nuna lafiyar faifai shi ne: smartctl -a /dev/sda. In a akwatin USB yake ya ƙi nunawa, a ƙara -d sat. A Windows CrystalDiskInfo na nuna abu ɗaya. Lambobin da za a duba:
5, wuraren da suka lalace aka musanya.
197, wuraren da ke jiran hukunci.
198, waɗanda suka gagara karantuwa.
Waɗannan ukun sifili ake so. Ko 1 ka gani a 197, ajiye musu kayansu.
9 kuma awannin da ya yi a kunne. Shekara guda awa 8,760 ce, sai ka lissafa. In takardar jikinsa ta nuna an ƙera shi 2016 amma ya ce awa 20 ya yi, an goge masa tarihi ne.
199 in ta hau, yawanci kebul ɗin SATA ne, ba faifan ba.

Bayan an kawo gida, smartctl -t long, a 4TB zai ci kusan awa takwas. Wanda ke son ya tabbatar sosai ya yi badblocks -wsv -b 4096, amma yana goge komai kuma zai kai kwana biyu da rabi, don haka kafin a zuba kaya ake yi.

Bazamfare:
A ƙara da batun SMR da CMR, hanyoyi biyu na jera rubutu a faifai. Faifan SMR layukansa na hawa kan juna kamar jeren kwanon rufi, in zai sake rubutu a wuri sai ya taɓa na kusa. Da farko yana gudu, in ka daɗe kana zuba masa kaya sai ya koma tafiyar kunkuru. A 2020 aka gano wasu WD Red na 2TB zuwa 6TB SMR ne, daga nan kamfanin ya ware CMR da sunan Red Plus. Faifan 2.5 masu 2TB zuwa sama kusan duk SMR ne. Don ajiye fim a kalla ba laifi. Don RAID ko ZFS, a guje shi.

Dan_Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. Na ga filasha da SSD na waje an rubuta 2TB a farashin da bai kai na faifan 500GB ba. Za su yi kwafin mako?

Kwamfuta_Damagaram:
A'a ɗan'uwa. An yi wa kwakwalwarsu ƙarya ne, ainihin cikinsu 32GB ko 64GB. In ka wuce nan sai sabon kaya ya hau kan tsoho, sunayen fayil na nan amma ba sa buɗuwa. H2testw a Windows ko f3probe a Linux na tona su. Kada a haɗa wannan da faifan 4TB da ke nuna 3.64TB, ko 1TB mai nuna 931GB. Wannan bambancin ƙirga ne kawai, ba cuta.

Injiniya_Zazzau:
Tunda an kawo faifan 3.5, in gyara maganata ta farko. Micro da Tiny ba su da gurbinsa, 2.5 guda da M.2 guda suke ɗauka. Ko dai akwatin USB mai cajar 12V, ko a hau zuwa mai matsakaicin jiki irin EliteDesk 800 G4 SFF, wanda ke ɗaukar 3.5 guda biyu a ciki ta SATA. Zai ƙara cin wuta kaɗan amma babu kebul da zai goce. In akwatin USB ne, a sayi mai makunnin da ke tsayawa a kunne, ba mai maɓallin dannawa ba, in ba haka ba duk dawowar wuta sai wani ya je ya danna.

A BIOS kuma a kunna tashi da kanta: AC Recovery a Dell, After Power Loss a HP da Lenovo. A canza ƙaramin batirin CR2032 tun ranar farko, in ya mutu wannan saitin na iya komawa yadda yake. A /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da Linux zai hau, a kira faifai da UUID, lambar shaidarsa, a sa nofail, don in bai tashi ba saba ta ci gaba da hawa maimakon ta tsaya tana jiran allon da babu.

Sola_Katsina:
Abin da ke kashe faifai a nan ba rashin wuta ba ne, sauyin wuta ne. NEPA ta tafi, inbata ta karɓa, an tada janareta, an juya makunni. Ka duba inbatarka, in tana da zaɓin UPS ko APL ka sa ta a UPS, sauyinta kan zama kusan 10ms, cajar kwamfuta na jure wannan. A ɗayan zaɓin yakan kai 20ms, kwamfuta ta sake tashi. Ƙaramin UPS na 650VA batirinsa 12V 7Ah ne, 84Wh a rubuce, ba don riƙe dare ba ne, don cike gurbin sauyi ne da ba saba lokacin kashe kanta. In yana da ramin USB, a sa NUT, manhajar da ke sa ido kan UPS, ya kashe saba da kansa in batir ya yi ƙasa.

Masu son jan wuta kai tsaye daga batir 24V zuwa 19.5V don kauce wa asarar inbata, ku san cajar Dell da HP na da siririn tsinke a tsakiya da ke gaya wa kwamfuta ƙarfin caja. Babu shi, Dell ta rage gudu sosai, HP kuma tana iya ƙin tashi. A sa fiyus kusa da batir.

Maman_Sadiq:
Tambayata ba ta wuta ba ce. Sassa huɗu kuka ce. Hotunan mata na cikin ɗaki, da na kamu da lalle, ba na kowa ba ne a gida. Ta yaya za a hana wani sashe ganin na wani?

UmmuHanifa:
Tambaya mai kyau Maman Sadiq, kuma tun farko ake tsara ta. A Samba, manhajar da ke raba foldoji ta wifi, kowane sashe da sunan shigarsa da kalmar sirrinsa, a kashe shigar baƙo gaba ɗaya. Folda iri uku: ta kowa mai karatu da fina-finai, a sa read only = yes, mutum ɗaya ko biyu kawai a write list. Foldar kowane sashe da valid users nasa. Sai foldar "shigowa" inda kowa zai jefa abin da yake so a ƙara, mai kula ya tace ya mayar. A kunna vfs objects = recycle don abin da aka goge ya faɗa kwando. Hana rubutu a foldar kowa yana kuma kare ta daga cutar da ke kulle fayiloli in ta kama laftof ɗin wani.

Amma a faɗi gaskiya a gaban kowa: mai riƙe da saba yana iya buɗe komai, haka duk wanda ya cire faifan ya jona a wata kwamfuta. Abin da ba a son kowa ya gani, a kulle shi tun daga waya da Cryptomator kafin ya tafi saba, ko kuma kada a ɗora shi.

Maman_Sadiq:
To wannan na ƙarshen ya kamata a gaya wa matan gida kafin a ce su kawo wayoyinsu. Na gode.

kebul_da_suwic:
Ba wanda ya taɓo hanyar da kayan za su bi. MiFi ba za ta yi ba, babu ramin kebul. Saba dole ta kebul zuwa rauta ko suwic na gigabit mai rami 5 ko 8. Gigabit na ba da kusan 110MB a daƙiƙa, 100Mbps kuwa 11MB. Kwashe 1.5TB a na farko kusan awa huɗu, a na biyu fiye da awa 37. In ka ga 11MB, yi ethtool ka duba. Gigabit na son wayoyi takwas ɗin cikin kebul duka, guda ta kuskure a matsewa sai ya faɗo 100 ba tare da ya ce komai ba. Cat5e ya isa har mita 100, amma na tagulla zalla. Mai araha alminiyon ne da aka shafa wa tagulla, ka kankare da wuƙa za ka ga fari.

Bangon bulo da kwanon rufi na cinye 5GHz, don haka kowane sashe ya samu nasa wifi da aka ja wa kebul. Tsohuwar rauta ta isa: a kashe DHCP ɗinta mai rabon adireshi, a jona ta ramin LAN. A babbar rauta a ɗaure wa saba adireshi guda, a kuma kashe AP isolation, shi ne ke hana waya ganin saba alhali suna wifi ɗaya. Ranar da data ta ƙare saba na nan tana aiki, sai dai Android kan bar wifi marar intanet ya koma kan layin waya. In ya tambaya, a zaɓi ci gaba da zama.

Sola_Katsina:
@kebul_da_suwic kebul ɗin tagulla da ya ratsa tsakar gida a sama, da damina tsawa na bin sa. Ba sai ta faɗo a kansa ba, ko kusa ta sauka ya isa ya ƙona suwic da ramin saba. A binne shi cikin bututu, in kuma sassan mitarsu daban ce, fayiba da na'urar juyawa biyu ta fi, don gilashi ba ya ɗaukar wuta.

Dan_Fim:
Kallo fa? Jellyfin, manhajar kallon fina-finai daga saba, kyauta ne, yana kan rami 8096 (lamba ce a adireshi, ba ramin kebul ba), shiga cikinsa ba ta buƙatar intanet, yana tuna inda kowa ya tsaya, ana iya ɓoye wa yara wasu foldoji. Plex shigarsa ta asusun intanet ce, juya bidiyo da katin hoto kuma sai an biya. Dalilin da Injiniya ya ce zubi na 7 shi ne Quick Sync ɗinsa, sashen juya bidiyo na Intel, na karanta nau'in bidiyo na HEVC 10-bit. A kunna shi a saiti, in ta Docker ne a miƙa masa /dev/dri, in ba haka ba waya ɗaya ta nemi a juya mata fim sai kwamfutar ta cika.

Fina-finan Hausa da yawa ba su cikin rumbun da Jellyfin ke ɗauko hoto da bayani, sai ya liƙa musu fostar wani fim daban mai kama da sunan. A ware musu laburare irin na bidiyon gida, ko a kashe masu ɗauko bayanin. Masu dogon zango a sa musu S01E01, S01E02 su jeru. Tafsiri kuma ba ya cin wuri: MP3 na 64kbps awa ɗaya kusan 29MB, awa biyu kullum na Ramadan guda bai kai 2GB ba. Aikin yana wurin cike sunan malami da shekara da rana a jikin fayil da Mp3tag, kuma a rubuta 01, 02, ba 1, 2 ba, don kada 10 ta riga 2.

pi_kawai:
Ka ga inda nake cewa. In fayilolin H.264 ne 720p ko 1080p, babu abin juyawa. VLC ko Kodi a talabijin su buɗe foldar Samba kai tsaye, Pi ya ɗauki mutum biyar ba gumi. Fim mai 8Mbps sau biyar 40Mbps ne kawai.

Dan_Fim:
Haka ne, har ranar da wani ya kawo fim mai sautin DTS ko HEVC da tsohuwar waya ba ta karantawa. Sannan ƙ, ɗ, ɓ a sunan fayil Samba na ɗauka lafiya, amma a guji alamar tambaya da ɗigo biyu, a Windows sunan kan fito da wasu haruffa marasa ma'ana.

Dalibi_BUK:
Za a iya buɗe ta daga makaranta?

kebul_da_suwic:
Ba ta buɗe ƙofa a rauta ba. Layukan SIM galibi suna bayan CGNAT, wato kamfani ya raba wa mutane da yawa adireshi guda, in adireshin wajen rautarka ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya bambanta da wanda intanet ke gani, buɗe ƙofa ba zai yi aiki ba. Ko da zai yi, ramin 445 na Samba ba a fitar da shi waje, ta nan WannaCry ya yaɗu a 2017. Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta ɓoyayyiyar hanya, a saba da wayarka ya isa. Ka dai sani kowane fim da ka kalla daga can data biyu yake ci, ta gida da taka. Tunda kai ɗalibi ne, a sa Kiwix a sabar, Wikipedia ta Hausa da ta Turanci su buɗu a gida babu data.

Dan_Gwammaja:
Abin da na tsayar zuwa yanzu: SFF mai i5, SSD 128GB, OpenMediaVault, faifan 4TB CMR guda, da 1TB na kwafin mako, babu RAID. Saura abu ɗaya, da dare a kashe ta don rage shan batir, ko a bar ta?

Sola_Katsina:
A kashe daga 12 zuwa 6 na safe. Awa shida sau 25W, 150Wh ne kullum. BIOS na da saitin tashi a lokacin da aka sa masa.

Kwamfuta_Damagaram:
Ni da a bar kwamfutar a kunne, faifan kaɗai ya kwanta. hdparm -S 241 na kwantar da shi bayan minti 30, na USB kuma hd-idle. Kada a sa minti biyar, yawan tashi da kwanciya na gajiyar da shi, ana ganin ƙirgar a lamba 4 da 193 na smartctl. Dare ne ma lokacin da wayoyi ke kan caji, manhajar Syncthing ke tura hotuna zuwa saba.

Mai_Gyara_Sabongari:
Ko wanne aka zaɓa, a duba zafin faifai a lamba 194 ta smartctl. In ya wuce 45 a watan Afrilu, a sa masa fanka 12cm tana hura shi kai tsaye. A ɗaga akwatin daga ƙasa, kada a rufe shi a durowa, kuma da hunturu a buɗe a hure ƙura duk wata, ana riƙe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Injiniya_Zazzau:
@Sola_Katsina lissafinka ya haɗa da rauta da suwic, su kuwa ba za a kashe su ba tunda ana shiga intanet da dare. Abin da za a rage bai wuce 100Wh ba. Malam Dan_Gwammaja, sayi ƙaramar mitar soket ka auna na kwana uku, faifai a kwance da faifai a tashe, ka kawo mana lambobin.